Yadda Na-Sani Ya Sa Wa Shafin Ƙungiya Murya

Akwai mutanen da in ka ce musu hadari ya taso, sai su ce ai su suka aika a kira shi. Mai askin da ke tsakiyar layin masu shaguna irinsu ne. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa, yaro da babba Na-Sani suke ce masa, domin ba ka isa ka kai ƙarshen magana a gabansa ba. Kana buɗe baki zai tare ka da "Na sani." An taɓa yin wani likita da tsautsayi ya zaunar a kujerarsa, ya tashi da karkataccen gashin baki da cikakken darasi a kan yadda ake yi wa mutum fiɗa.

Abin da ya hana Na-Sani sakat a kwanakin nan shi ne kujerar kakakin ƙungiyar masu shaguna. Tsohon kakakin ya tashi ya bar layin, kuma kakaki shi ke magana da yawun kowa in jami'an hukuma sun zo, ko 'yan jarida sun iso da abin ɗaukar magana. Tun ba a sa ranar zaɓe ba gogan naka ya kai ɗinkin sabuwar riga. Abokin takararsa ɗaya ne, mai walda na shagon da ke jikin nasa, mutumin da ba ya magana sai ta kama dole, in ya yi kuma kamar ya soka maka allura.

Baba Tela, shugaban ƙungiya, ya tara su a rumfar gaban shagonsa ya ce kowane ɗan takara ya faɗi abin da zai yi wa layi. Mai walda ya miƙe ya ce, "Abin da aka aike ni zan faɗa, in dawo." Ya koma ya zauna.

Na-Sani ya yi dariyar raini, ya tashi yana karkaɗe gashin mutane daga hannun rigarsa.

"Baba, Allah ya ƙara girma. Wannan shafin namu na intanet da 'yarka ta buɗe mana kafin ta tafi karatu, me yake tsinana mana? Hotunan shaguna da rubutu, shiru kamar gidan makoki. Wa ke da lokacin karatu yanzu? Ni zan sa masa murya. Duk wanda ya buɗe shi, ko a ƙarshen duniya yake, zai ji ana yi masa maraba, ana zayyana masa shagunan layin nan ɗaya bayan ɗaya. Ranar zaɓe za ku ji da kunnenku."

"Muryar wa?" in ji Hajiya mai sayar da yadi.

"Haba Hajiya, a layin nan murya nawa ce?"

"Ka taɓa yi?" in ji mai walda.

"Na sani."

"Ban ce ka sani ba. Ka taɓa yi?"

"Kai, mutumin da ke riƙe reza a maƙogwaron manyan mutane, ɗora fayil ɗin murya a shafi ne zai gagare shi? Tsaya a kan ƙarafunanka, malam."

Baba Tela ya gyara tabarau, ya dube shi ta samansa, ya raɗa masa kalmar sirrin shiga shafin. Bai kai ƙarshenta ba Na-Sani ya ce ya sani, sai da tsohon ya riƙo kunnensa ya ƙarasa.

Washegari aiki ya kankama a shagon aski. Wani direba na zaune a kujera, an aske masa rabin kai, Na-Sani ya ajiye inji ya ce ya yi haƙuri, tarihi za a kafa. Ya jingine waya a jikin madubi, ya danna jan maɓalli, ya yi gyaran murya har sau uku, ya kashe murya kamar mai karanta labarai.

"Jama'ar duniya, barkanku da shigowa shafin..."

Daidai nan injin yankan ƙarfe ya kwarma ihu ta bayan bango. Na-Sani ya jira ya lafa, ya sake. Injin ma ya sake. Ya leƙa waje a fusace.

"Malam, ba ka ji ana naɗar murya ba?"

"Ban ji ba, ina aiki," in ji mai walda.

"To ka dakata."

"In an zaɓe ka sai ka hana."

Na-Sani ya dawo yana huci, ya cusa wayar a aljihu. Shi dai a iliminsa, waya in ta shiga aljihu ta daina ji. Ya juya ga direban ya sauke masa abin da ke cikinsa: wai mai walda ba walda yake yi ba, manna ƙarfe yake da miyau, wai ƙofar da ya yi wa Baba Tela fenti ne kawai ke riƙe da ita, ɓarawo ko da atishawa ya buɗe ta. Direban ya ce shi dai a ƙarasa masa kansa, lodi na jiransa. Aka ƙarasa masa, har da kyautar yanka a bayan kunne.

Ya ji a wani wuri cewa tufafi na shanye hayaniya, saboda haka da rana ta ɗaga ya nufi shagon Hajiya mai yadi. Ta ce masa bayan kantar akwai ƙura, kuma jerin yadin nan ba ya son a jingina da shi.

"Na sani, Hajiya."

Ya kutsa tsakanin dunƙulen yadi, ya tsuguna, ya danna jan maɓalli. Ya kai "Jama'ar duniya" lafiya lau. A kan "barkanku" hancinsa ya fara ƙaiƙayi. Ya danne, ya danne, sannan ya saki wata atishawa da ta sa shi ya dafa abin da aka ce kada ya dafa. Jerin ya yi tunani kaɗan, ya rufto masa a ka, fari da shuɗi da mai fure, har wani ya mirgina ya fita titi ya shimfiɗe kansa a cikin kwata.

Hajiya ba ta ɗaga murya ba. Sandar awonta ta ɗauka, ta nuna masa ƙofa da ita.

"Fita, tun ina ganin mutuncin matarka."

"Hajiya, ai aikin ƙungiya ne."

"To ƙungiya ta zo ta wanke mini yadi."

Ya fito yana cire zare daga gemu, waya a aljihu, baki kuma bai huta ba. Tun daga ƙofar shagon har kwanar gidansa yana ba kansa labarin yadda Hajiya ke jan yadi kamar roba in tana awo, yadda sandar nan tata aka rage mata tsawo tun tuni, kowa ya sani ana dai kawaici ne. Babu wanda ya tambaye shi, babu ma kowa a kusa, amma Na-Sani bai taɓa buƙatar mai sauraro ba.

A gida ya yanke shawarar cewa murya ba za ta fito da kwarjini ba sai mai ita ya yi shigar da ta dace. Ya ciro sabuwar rigar, ya saka, ya danna jan maɓalli, sai idonsa ya faɗa kan hannun rigar. Ya miƙa hannuwa ya gwada. A ganinsa na hagu ya ɗara na dama. Nan take ya manta da jama'ar duniya, ya koma kan Baba Tela da ya ɗinka ta: tsoho ido ya tafi amma ya ƙi ajiye almakashi, shugabanci ma barci yake yi a kai, da zarar shi ya zama kakaki zai san yadda zai lallaɓa a sauke shi. Matarsa na shara a tsakar gida ta ce, "Maigida, kafaɗarka ce ka karkata." Ya ce ya sani.

Ɗaki kuwa bai yi masa ba. Fanka na ƙara, kazar maƙwabta na kyarkyara, mai tallar kifi ya tsaya a bakin taga kamar an biya shi. Na-Sani ya dubi durowar kaya, ya fitar da rabin kayan matarsa ya zube a gado, ya shige ciki da sabuwar riga ya ja ƙofa. A nan, cikin duhu da warin maganin asu, Allah ya ba shi sa'a: ya yi maraba da jama'ar duniya tiryan-tiryan, ya lissafa shaguna, ya yabi nasa sau biyu. Ya tura ƙofa zai fito, ƙofa ta ce ba ta san zancen ba. Sakatar waje ta faɗa da kanta, matar kuma ta shiga maƙwabta.

Abin da ya biyo baya bai yi kama da mai karanta labarai ba. Ya fara da kiran ta cikin isa, ya koma lallashi, ya koma rantsuwar cewa numfashinsa na ɗaukewa, ya ƙare da kiran mahaifiyarsa wadda ke wani gari. Da matar ta dawo ta buɗe, ya faɗo waje jiƙe sharkaf da gumi, da ɗankwalinta manne a wuya.

"Me kake nema a cikin kayana?"

"Ke ba za ki gane ba. Haka manyan gidajen rediyo suke yi."

"Su ma kuka suke yi a ciki?"

Ya ciro wayar. Ya kunna naɗin ya saurari farkonsa, ya ji muryarsa na fita kamar ruwan sanyi, ya kashe yana murmushi. Sauran ai ya sani.

Saura ɗorawa. Akwai wata tsohuwar kwamfuta da ƙanin matarsa ya bari a gidan. Na-Sani ya share mata ƙura, ya juye mata duk naɗe-naɗen da ke wayarsa, ya shiga shafin ƙungiya, ya buɗe sabon rubutu ya bar shi a ɓoye, don kada mai walda ya leƙa ya sace fasaha. Ya nemo wurin da ake ɗora murya, ya ɗora wadda ya naɗa a cikin durowa. Wani ɗan siririn layi ya fito da alamar kunnawa. Ya danna. Layin ya fara tafiya, amma ko tari kwamfutar ba ta yi ba.

"Maigida," in ji matarsa daga bakin ƙofa, "kwamfutar nan fa tun da shayi ya..."

"Na sani."

"Ba ka bari na..."

"Na ce na sani! Ke da ko kunna ta ba ki iya ba?"

Ta ɗaga kafaɗa ta koma wurin wankinta. Abin da take son faɗa shi ne, tun ranar da shayi ya zube wa kwamfutar lasifikarta ta mutu, shi ya sa ma ƙanin nata ya bar ta. Ko ganga ka ɗora a shafin ba za ta yi ƙara ba.

Na-Sani ya zauna ya yi nazari irin nasa. Fayil ɗin ne bai kama ba. Ya ɗora wani a ƙasansa. Shiru. Ya ga wani ɗan akwati da aka rubuta cewa in an yi masa alama murya za ta tashi da kanta da an buɗe shafi, ba sai an danna ba. Ya ce yauwa, ga inda matsalar take, ya yi wa na farko alama, ya yi wa na biyu. Shiru. Sai ya gano wa kansa wani ilimi: shafi babba ne, duniya guda yake ɗauka, murya ɗaya ba za ta cika shi ba, kamar dai yadda cokali ɗaya na sukari ke ɓacewa a cikin bokiti. Ya shiga ɗorawa ba ji ba gani. Na shagon aski, na shagon Hajiya, na hanya, na gaban madubi, duk abin da ke wayar ya zuba, kowanne da alamarsa a akwati, bai cire ko ɗaya ba, domin muryarsa ba abin zubarwa ba ce. Da shirun ya ci gaba, ya rufe kwamfutar da ƙarfin gwiwa ya ce ai dama murya ba ta fita sai an wallafa.

Ranar zaɓe rumfar Baba Tela ta cika har ta tumbatsa, domin Na-Sani ya bi shago-shago yana gayyata, har da mutanen da ba su da shago ko ƙuri'a. Ya aro wata ƙatuwar lasifika mai caji wadda tsawonta ya kai ƙugun mutum, ya kafa ta a tsakiya. Don girmamawa, ya haɗa ta da wayar Baba Tela, ya ce shugaba ne zai fara buɗewa. Ya murɗa ƙarar har ƙarshe. Ya buɗe kwamfuta a kan teburin yanka, ya ɗaga yatsa sama yadda kowa zai gani.

"Yau za a bambance kakaki da mai buga ƙarfe."

"Danna mu gani," in ji mai walda.

Ya danna, rubutu ya wallafu. Baba Tela ya laluba wayarsa da ƙyar ya buɗe shafin.

Abin da ya fito daga lasifikar nan ba murya ba ce, kasuwa ce. Na-Sani wajen goma suka tashi lokaci guda, kowanne na neman ya danne ɗan'uwansa. Wannan na gyaran murya, wancan na cewa "Jama'ar duniya," wani na atishawa, injin yankan ƙarfe na ihu a tsakiyarsu. Wata akuya da ke kwance a gefen rumfa ta tashi ta tsere. Mutane suka toshe kunne, Na-Sani kuwa ya daskare da yatsa a sama, murmushin bai ma samu damar sauka daga fuskarsa ba.

"Gwaji ne!" ya yi ihu. "Haka yake farawa!"

Gajerun naɗin suka ƙare, hayaniya ta ragu, dogayen suka fara fitowa fes. Rumfa ta ji cewa ƙofar Baba Tela fenti ne ke riƙe da ita. Mai walda ya naɗe hannu a ƙirji. Kafin a gama haɗiye wannan, wani Na-Sanin mai haki ya sanar da duniya cewa an rage wa sandar Hajiya tsawo.

Hajiya ta miƙe a hankali. "Sake faɗa in ji."

"Hajiya, ba ni ba ne, na'ura ce ta..."

"Na'ura ce ta san sandata?"

Ya yi tsalle ya fizge wayar lantarkin lasifikar daga bango. Lasifika ta ci gaba abinta, ai cike take da caji. Ya kama abin murɗa ƙara ya murɗa da ƙarfin tsoro, abin ya ciro ya zauna a tafin hannunsa. Ya juya wurin Baba Tela yana roƙon ya ba shi wayarsa ya rufe shafin, daidai lokacin da muryarsa ke bayyana cewa tsoho ido ya tafi, barci yake yi a kan shugabanci, kuma akwai shirin sauke shi.

Baba Tela ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar. Ya zura wayar a aljihun ciki ya dafe da hannu.

"A'a, ɗana. Kakaki na magana, ba a katse shi."

"Baba, don Allah, don girman..."

"Ido ne ya tafi, kunne yana nan. Bari in ji."

Sai ga na cikin durowa ya kai inda ƙofa ta ƙi buɗuwa. Rumfa guda ta ji mai neman kujerar kakaki yana dukan katako yana kiran matarsa, yana rantsuwar mutuwa zai yi, yana kiran "Inna! Inna!" da muryar da ko ɗan yaye zai ji kunyarta. Direban nan mai yanka a bayan kunne ya faɗi ƙasa yana riƙe ciki. Matar Na-Sani, wadda ta zo kallo da maƙwabtanta, ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa, kuma ba kuka take yi ba.

Na-Sani ya rasa ta yi. Ya tuɓe sabuwar rigar ya lulluɓe lasifikar da ita, ya kayar da ita ƙasa, ya kwanta a kanta rub da ciki, ya rungume ta da hannu biyu yana toshe bakinta da tumbinsa. Ƙarar ta ragu, amma ba ta mutu ba. Muryoyin suka yi ta ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, har ya rage saura guda, mafi tsawo a cikinsu. Da ya ji farkonta ya ƙara ƙanƙame lasifikar. Wannan ba don shafi ya naɗe ta ba. Jawabin godiya ne da ya gwada a gaban madubin shagonsa bayan ya rufe ƙofa, na ranar da za a ce shi ya ci.

"'Yan'uwana masu shaguna," in ji muryar daga ƙarƙashin cikinsa, tana rawa, "wallahi ban yi tsammani ba. Ni wane ne da za ku haɗu kaf ku zaɓe ni?" Aka ji shessheƙa. "A'a, kukan bai yi ba, bari in sake."

Baba Tela ya buga almakashi a tebur har dariya ta lafa.

"To, lokaci na tafiya. Masu son mai walda ya zama kakaki, hannu sama."

Hannuwa suka tashi kamar an shuka su. Hajiya ta ɗaga nata har da sandar awo. Waɗanda ba su da ƙuri'a ma suka ɗaga, babu wanda ya hana su.

"Masu son mai aski."

Na-Sani ya ɗago kai daga ƙasa, ƙura a gemu, ya bi rumfar da kallo fuska-fuska. Ko da nasa hannun ne ya so ya ɗaga, kada a ce bai samu ko ɗaya ba. Ya saki gefen lasifikar kaɗan, kuka ya kwararo da ƙarfi, ya yi maza ya sake rungumewa.

Baba Tela ya leƙa dama ta saman tabarau, ya leƙa hagu, bai yi gaggawa ba.

"Idon nawa dai ya tafi," ya ce. "Akwai wanda ya ga hannu?"

Babu wanda ya gani. Daga ƙarƙashin mai aski muryar ta ja hanci, ta ce, "Na gode, na gode. Don Allah ku zauna, tafin ya isa haka."